Digiri Ɗari da Ashirin da Bakwai

Sufeto ya yi ritaya daga duba makarantu, amma bai yi ritaya daga dubawa ba. Da aka karɓe masa makarantun sai ya dawo da aikin gida. Yana duba mitar wuta, yana duba famfo, yana duba ko an rufe firij da kyau, in kuma ya ratsa ta kicin sai ya ɗaga murfin tukunya ya leƙa, ba don ya san abin da ake nema a ciki ba. Matarsa Umma ta daɗe da daina magana a kan wannan. Takan jira ya fita ta mayar da murfin.

Labari ɗaya yake da shi na zamanin aiki, kuma babu baƙon da ya taɓa shan shayi a gidan ya tsira daga jin sa. Wai wata rana sufetoci uku daga ofisoshi uku suka yi kiciɓis a aji ɗaya, kowa da tambayoyinsa, suka sa wani malamin lissafi a tsakiya. Wannan ya tambayi tsarin darasi, kafin ya amsa wancan ya tambayi yawan ɗalibai, na ukun na neman alli. Malamin, wanda duk gundumar ta san ƙwararre ne, ya rikice har ya rubuta wa yara bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Sufeto ne ya ja sauran biyun waje, ya ce kowa ya shiga shi kaɗai. A nan labarin ke ƙarewa, a nan kuma ake so baƙo ya jinjina kai.

'Ya'yansa biyu ne suka rage a kusa. Babban, wanda kowa ke kira Yaya har iyayensa, mai zanen gine-gine ne, yana da ɗan ofishi a saman wani shagon fenti. Ƙaramar, Auta, ta karanta injiniyan lantarki a jami'a, ta fito da sakamakon da Sufeto ya sa a gilashi ya rataye a falo, sannan ta ɓata masa rai ta hanyar yin aiki da abin da ta karanta. Ta share rabin gareji, ta kafa tebur, ta jera sukudireba manya da ƙanana, ta fara harhaɗa kwamfutoci da kayan da take saye ɗaya-ɗaya. Ɗaya rabin garejin na motar Sufeto ne, wadda ke zaune a kan bulo tun Auta tana sakandare, tana jiran wani gyara da kullum ake cewa ya kusa.

A ganin Sufeto, mai digiri kujera ce ta dace da shi, da fanka a sama, da wani a bakin ƙofa mai cewa a jira. Har ya yi magana da tsohon abokinsa Darakta, wanda ya ce akwai kujera a ofishinsa, a sashen da ake karɓar takardu a miƙa su wani sashen. Darakta na jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Ana cikin haka kwamfutar Yaya ta gaji. Ya ce in ya ba ta zanen gida ta fitar masa da hoto, kafin ta gama ginin mai gidan ya isa linta. Ya ga wata a babban shago, haɗaɗɗiya tun daga kamfani, da kwali da takardar garanti, ita zai saya. Auta ta ce, ba tare da ta ɗago daga farantinta ba, za ta haɗa masa wadda ta fi ta.

Sufeto ya ajiye cokali. Ya tambaya ta yaya ake sanin wata ta fi wata, tunda duk baƙaƙen akwatuna ne masu huci. Auta ta yi masa bayani cewa akwai manhajar gwaji da masu sana'ar suka yarda da ita. Tana ɗora wa kwamfuta aiki mai nauyi, ta sa ta zana wani hoto mai wahala, in ta gama ta ba ta maki. Ta shagon nan tana cin dubu goma sha biyu.

Ba ta san abin da ta yi ba. Rabon da wani ya ce maki a gaban Sufeto tun ranar walimar sallamarsa daga aiki. Fuskarsa ta washe kamar an ce masa an dawo da shi ofis.

Nan take ya shimfiɗa sharaɗi. In kwamfutar Auta ta kai dubu goma sha biyu, shi da bakinsa zai kira Darakta ya ce a ba wani kujerar. In ba ta kai ba, tebur ya bar gareji, Auta ta sayi takalmin ofis. Kuma shi zai yi wa kwamfutar jarrabawar, a ɗakin karatunsa, shi kaɗai, ƙofa a rufe. Aka tambayi Yaya ra'ayinsa, ya ce shi yana tare da duk wadda ta yi aiki. Tun yana yaro haka yake, ba a taɓa kama shi a wani ɓangare ba.

Auta ta ce ta yarda.

Ta haɗa ta a natse, kamar mai ɗinkin rigar da za ta sa da kanta. Ta dasa ƙwaƙwalwar injin a gurbinta, ta ɗiga mata man rage zafi mai ruwan toka, ta ɗora ƙarfen sanyaya da fankarsa, ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ta ɗaure su a bayan allo inda babu mai gani. Yaya ya leƙo ya ce me ya sa take gyara inda ba a gani. Ta ce ita ta gani. Daga ƙarshe ta sa manhajar sa ido, wadda ke nuna zafin injin da gudun fanka, kuma ita ce ke ba fankar umarni: in zafi ya hau ta ƙara gudu, in ya sauka ta lafa.

A gareji ta gwada. Dubu goma sha uku da ɗoriya, zafi bai wuce digiri saba'in da 'yan kai ba. Ta kira Sufeto ya gani. Ya tsaya hannu a baya, ya karanta lambar, ya ce ya gani, amma ba a ba ɗalibi takardarsa ya yi wa kansa maki.

Aka kai kwamfutar ɗakin karatu, aka ɗora ta tsakanin ƙamus da hoton Sufeto yana karɓar lambar yabo. Auta ta nuna masa inda zai danna. Ya ce ya gane, ba yau ya fara ganin kwamfuta ba, shi ne ma ya sa hannu aka raba su a makarantu. Ya rufe ƙofa.

Ya jima a ciki. Da ya fito bai yi murna ba, a yi masa adalci. Fuskar da ya fito da ita ita ce wadda yake shiga ofishin hedimasta da ita, ta mutumin da gaskiya ta yi wa nauyi amma dole ya sauke ta. Ya ce maki dubu takwas da wani abu. Ya ce kuma zafin injin ya kai digiri ɗari da ashirin da bakwai.

Auta ta ce ba zai yiwu ba. Kafin ta kai nan da tuni ta kashe kanta, haka aka gina ta.

“Ni ban ce zai yiwu ba,” in ji Sufeto. “Abin da rahoto ya ce na gaya miki.”

Ta ɗauke kwamfutar ta mayar gareji. Ta kunna, ta gwada: dubu goma sha uku. Ta sake gwadawa: dubu goma sha uku. Ta bar ta tana zana hoton nan mai wahala har ta gaji da kallo, kwamfutar ba ta gaji ba. Fanka na ta gurnaninta a hankali, zafi na zaune inda ya kamata.

Mai gyara ya fi son abin da ya mutu murus a kan abin da ke lafiya ƙalau a gabansa. Wanda ya mutu zai nuna maka inda ke masa ciwo. Auta ta fara da abin da take zargin kanta da shi. Ta cire ƙarfen sanyaya, ta goge man, ta sake shafa sabo. Ta zare ram, ma'ajiyar aikin injin, ta mayar. Ta canja wayar fanka zuwa wani soket. Ta binciki jerin manhajojin da ke kan kwamfutar ko wani abu ya shigo ba sallama, ba ta ga komai ba sai nata. Ta mayar da ita ɗakin karatu. Sufeto ya rufe ƙofa, ya fito da dubu takwas da ɗari da ashirin da bakwai ɗinsa.

Sai ta koma zargin ɗakin. Ta auna wutar soket ɗin bango, lafiya lau. Ta janye teburin daga jikin labule, ta ce ko labulen ke toshe iska. Ta canja wayar wuta. Ta buɗe taga. Har ƙamus ɗin ta matsar, Sufeto yana kallonta yana cewa ƙamus bai taɓa zafafa kowa ba sai malalaci. Ta nemi ya bar ta ta gwada a nan ɗakin da hannunta. Ya bari, tunda ba jarrabawa ba ce. Dubu goma sha uku. Ta fita, ya rufe ƙofa, dubu takwas.

A nan maganar ta fara wari. Sufeto bai ce ta yi maguɗi ba, ba ya faɗin irin wannan kai tsaye. Ya dai ba da labarin wata makaranta da ya sani, wadda yaranta ke cin jarrabawa duk ranar da malaminsu ke tsaye a aji, su faɗi duk ranar da baƙo ya tsaya. Ya ba da shi a wurin cin abinci, yana kallon gishiri. Auta ta tashi ba ta gama ba. Yaya, da ya zo jin ko kwamfutarsa ta samu, ya tuna yana da wani aiki.

Darakta kuma ya bugo waya yana tambayar girman rigar da za a ɗinka wa sabuwar ma'aikaciya, wai yanzu ofishin nasu duk kaya iri ɗaya ake sawa. Sufeto ya ce zai tambaya.

Da hantsi Umma ta shigo gareji neman tsohon bokiti, abin da ba ta taɓa nema ba. Ta tarar da Auta zaune ta zuba wa kwamfuta ido, kwamfutar na aikinta babu laifi ko ɗaya. Umma ta tsaya ta saurara, ta ce ashe a nan tana da hankali. Auta ta tambaye ta me take nufi.

Umma ta ce ai kicin bango ɗaya ne da ɗakin karatu, kuma duk abin da Malam ke yi a ciki tana ji, shekara da shekaru, har buɗe alawar da likita ya hana shi. Ta ce in ya rufe ƙofa da abin nan, abin minshari yake yi irin na kawun su Auta. Sai ya yi tsit har ka ce ya mutu, sannan ya ja wani gurnani kamar zai tashi sama, sannan ya sake yin tsit.

Auta ta juyo gaba ɗaya. Ta ce, tsit kamar yaya, fankar ce ke tsayawa?

“Ni na san fanka? Na ce miki minsharin kawunki.”

Ta ɗauki bokitin ta fita, ta ajiye shi a bayan ƙofa inda zai ƙara wasu shekarun.

Auta ta zauna tana juya maganar. Fankar ba ta da ra'ayin kanta, abin da manhajar sa ido ta gaya mata take yi. In tana tsayawa a tsakiyar aiki mai nauyi, to an gaya mata injin ya yi sanyi. In tana ihu, an gaya mata yana cin wuta. Wato wani abu na rikita manhajar, yana ba ta sanyin ƙanƙara yanzu, anjima ya ba ta ɗari da ashirin da bakwai. In fanka ta tsaya, zafin gaske zai hau, injin kuma ya rage gudu don ya ceci kansa, maki ya zube. Duk wannan ya hau kan layi. Abin da ya rage shi ne mene ne ke shiga ɗakin nan in an rufe ƙofa, ya fita in an buɗe, bai bar sawu ba. Ta san amsar mutum ce, kuma ta san mutumin. Abin da yake yi ne ba ta sani ba.

Ba ta je masa da zargi ba, ta san gidan da ta tashi. Ta je da ƙa'ida. Ta tambaye shi, a zamanin aikinsa, in ana duba malami, shin ba a yarda hedimasta ya zauna a bayan aji ba? Sufeto ya ce ana yarda, sharaɗin kawai kada ya yi magana, kada ya yi tari mai ma'ana. Ta ce to ita ce hedimastar wannan kwamfuta, tana neman kujerar baya.

Ya dube ta ta saman tabarau. An kama shi da dokarsa, kuma abin ya ɗan yi masa daɗi.

Ta zauna a kan kujerar roba kusa da kabad, hannu a cinya. Sufeto ya rufe ƙofa, ya zauna, ya gyara zaman tabarau. Ya kunna kwamfuta. Manhajar Auta ta buɗe, tana nuna digiri talatin da wani abu, fanka na juyawa a hankali. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da makullansa. A jikin zoben, tsakanin makullin gida da na motar da ba ta tashi, akwai ɗan filashi. Ya soka shi.

Da yake an hana hedimasta magana amma ba a hana sufeto ba, ya yi mata bayani yana aiki. Ya ce sufeton kirki ba ya aron ko biro a makarantar da ya je dubawa, da kayansa yake zuwa. Manhajar da ta sa, shaidar mai kaya ce, ba a yanke hukunci da ita. Don haka ya nemo wata da kansa, irin wadda ke tashi daga filashi ba sai an girka ta ba. Ya buɗe ta. Ya ce ranar farko da ya haɗa su, sai ya ga ba su faɗi abu ɗaya ba. In shaidu biyu suka saɓa, me ake yi? A kawo na uku. Ya buɗe ta uku. Ya jera tagogin nan uku a kan allo, kafaɗa da kafaɗa, ya ce ita ma ta ukun ba ta yarda da kowa ba, kuma a ƙa'ida in rahotanni suka bambanta, mafi muni ake ɗauka.

Ya danna gwaji.

Auta ta ga abin da idonta. Ta farko ta ce saba'in, ta biyu ta ce sifili, ta uku ta ce ɗari da ashirin da bakwai. Kafin ƙiftawar ido suka yi musanya. Sifilin ya faɗo kan manhajarta, fankar ta yi tsit. Can sai babbar lambar ta faɗo mata, fankar ta zabura da ihu. Daga bayan bango aka ji Umma ta ajiye ludayi da ɗan ƙarfi, irin na mai cewa kin ji ko.

Dubu takwas. Sufeto ya juyo da fuskar nan tasa mai nauyi, ya ce yanzu hedimasta na iya magana.

Dariya na cin Auta, kuma kwanakin da ta yi tana goge mai da matsar da ƙamus suna cinta ta wani gefen. Ta haɗiye duka biyun. Ta ce masa a cikin kwamfutar akwai wani ɗan ƙanƙanin abu, bai kai farce ba, shi kaɗai ke jin zafi da gudun fanka. Duk manhajar da ke son sani shi take tambaya, kuma ta hanya ɗaya ake isa gare shi. In ɗaya ce ke tambaya, zai amsa daidai. In uku suka taru, kowace na jefa masa tambaya ba ta jira ta wata ba, sai amsoshin su cakuɗe, ta wannan ta tafi wurin waccan, wata ta samu rabin amsa, wata ta samu shirme.

Sufeto ya ce to a cikinsu wace ce maƙaryaciyar.

“Babu, Baba.”

Ya ce ba zai yiwu shaidu uku su saɓa a ce babu maƙaryaci ba.

“Baba, bakwai sau takwas nawa ne?”

Sufeto ya dubi tagogin nan uku da ya jera da hannunsa. Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, fiye da yadda tabarau ke buƙata. Labarin da ya shayar da baƙi da shi shekara da shekaru ne aka ɗora masa a kan tebur, kuma a wannan karon shi ne sauran biyun.

Bai ce ya yi kuskure ba. Wanda ke jiran wannan bai san Sufeto ba. Ya mayar da tabarau ya ce, da muryar aiki, a fitar da biyu waje, kowa ya shiga shi kaɗai.

Amma ya ƙi a fara da ta Auta, har yanzu shaidar mai kaya ce. Ta ce babu damuwa, in an rufe tata, kwamfutar na iya kula da fankarta da kanta. Aka rufe komai, aka sake kunna injin don ya dawo hayyacinsa, Sufeto ya buɗe tasa ta farko ita kaɗai. Ya danna gwaji. Fanka ta ɗauki gurnani ɗaya ta riƙe, ba hawa ba sauka. Hoton nan mai wahala ya rinƙa cika allo da sauri har Sufeto ya matso da kujera. Digiri saba'in da huɗu. Maki dubu goma sha uku da ɗari biyu.

Sufeto ya rufe ta, ya buɗe tasa ta biyu ita kaɗai. Saba'in da huɗu, dubu goma sha uku da ɗoriya. Sannan, don adalci, ya ba shaidar mai kaya dama. Ita ma abin da ta faɗa ke nan.

Ya jingina da kujera. Ya ce shaidu uku sun yi ittifaƙi, kuma a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin haka ba, ko a kan ranar mako. Ya tambayi Auta ta shagon nawa ma take ci. Ta ce dubu goma sha biyu. Ya ce da kwalinta da garantinta? Ta ce da su. Ya yi wani ɗan sauti ta hanci, wanda a wurinsa shi ne tafi.

Sai ya tambaye ta yaya aka yi ta gano. Ta ce Umma ce ta ji minshari. Ya ce uwarta ta ji minshari, amma minshari kowa na ji, wa ya mayar da shi fanka, ya mayar da fanka manhaja, ya zo ya zauna a kujerar baya ya yi shiru har ƙarshe? Ya ce ya yi aiki da hedimastoci da yawa, babu wanda ya taɓa iya yin shirun.

A falo ya yi wayar, ƙarƙashin sakamakon nan na gilashi, a tsaye, da ƙarfin da maƙwabta za su amfana. Ya gaya wa Darakta a ba wani kujerar da rigar. Ya ce yarinyar ba ta da lokaci, yanzun nan ta gama warware wata matsala da ta gagari kwamiti mai mutum uku. Darakta ya tambayi su wane ne a kwamitin. Sufeto ya ce wasu ne daga waje, shi ya gayyato su, kuma shi ya sallame su. Ya ƙara da cewa in kwamfutocin ofishin Darakta na ba su wahala, ya san injiniya, sai dai layi ake bi.

Yaya ya iso da yamma ɗaukar kayansa, ya ce shi dama tun farko ya san haka za a yi. Auta ta naɗe masa wayoyi, ta gargaɗe shi manhajar sa ido ɗaya tak, in yana son ra'ayi na biyu ya rufe ta farko. Sufeto ya raka kwamfutar har bakin mota, yana gaya wa Yaya ya bi a hankali a kan ramuka, kamar wanda ke sallamar ɗalibar da ta zo ta ɗaya.

Washegari aka ga wasu ƙarti huɗu a ƙofar gareji suna sa wa motar Sufeto tayoyin aro. Suka turo ta waje, suka ajiye ta ƙarƙashin bishiya, suka mayar da ita kan bulonta. Umma ta fito ta tambaya ko gyaran ne ya zo. Sufeto ya ce gyaran ya kusa, amma mota za ta iya jiran sa a waje, injiniya na buƙatar wurin tebur na biyu.

Tun daga ranar yakan zo bakin garejin da hantsi, hannu a baya, ya tsaya. Ba ya shiga. In ya ga baƙo ya kawo kwamfuta yana bayanin ciwonta, sai ya jira ya gama, sannan ya tambaye shi manhajar sa ido nawa ya sa mata. In baƙon ya ce biyu, Sufeto ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce mutane ba su da sani, ya ja shi gefe ya fara ba shi labarin wani malamin lissafi.